Albarushi da Ma'auni: Tarihin Ɗurin Bindiga daga Osu zuwa Sakkwato

Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Accra, wanda mu Hausawa muke kira Ankara, ya san unguwar Adabraka. An yanka filayenta ne bayan annobar nan ta ɓeraye da ta auka wa birnin a shekarar 1908, lokacin da Gwamnati ta ga tilas a rage cunkoson da ke cikin tsohon gari. Ana cewa sunan unguwar ya samo asali ne daga kalmar "albarka", wadda mai kaya yakan faɗa in an yi masa tayin da bai kai ba. Bayanta Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajen 1912, Malam Amadu Futa kuma ya sami filin Nima a 1931, sannan Maamobi ta bunƙasa a gefenta.

In an tambayi dattawan waɗannan unguwanni abin da ya kawo kakanninsu bakin teku, amsa ba ta wuce uku: fataucin goro da shanu, ko malanta, ko aikin soja. Biyun farko an sha ba da labarinsu. Na ukun kuwa akan ambace shi a gurguje, a ce Hausawa sun yi wa Turawa soja, a wuce. Wannan maƙala za ta dubi abin da ke hannun sojan nan, da abin da ke hannun wanda ya tsaya a gabansa, musamman yadda kowannensu yake ɗura bindigarsa. Mai karatu zai ga cewa jaruntaka akwai ta a ɓangarorin biyu. Abin da ya raba su shi ne ma'auni, wato ɗaya yana zuba albarushi da ka, ɗayan kuwa an auna masa nasa tun daga Ingila, kowane harsashi daidai da ɗan'uwansa.

Bindigar Bakin Teku

Daga Adabraka zuwa tsohon gidan yaƙin Osu bai fi tafiyar mil uku ba. Turawan Danmak ne suka gina shi tun wajen 1661, suka sa masa suna Christiansborg, suka riƙe shi har 1850 da suka sayar wa Ingila. Kusa da shi akwai na mutanen Holan da na Turawan Ingila. Ta irin waɗannan gidaje bindiga da albarushi suka yi ta shigowa, bayi da zinariya suna fita. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogin da ke shiga Afirka ta Yamma kowace shekara sun kai 283,000 zuwa 394,000. Da yawansu a Birmingham aka ƙera su, amma sunan Danmak ya bi doguwar bindigar nan mai ƙanƙara har yau a bakin Turawa. Mu kuwa muna kiran jikokinta bindigar toka, ko adaka, ko harba-ka-ruga.

Sarakunan Asante sun gane darajar wannan makami, saboda haka suka tsare hanyar da zai bi ya kai Arewa. Fatake suna iya ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano, amma bindiga da albarushi sai abin da Kumasi ta yarda. Wannan yana cikin dalilan da suka sa bindiga ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa, mutane dubbai a kan dawakai da ƙasa, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Sai daga baya Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da yawa, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a Zinder.

Yadda Ake Ɗuri a Da

Albarushin da kowa ya sani a wancan zamani haɗin abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Wanda Turawa ke kawowa kasuwar bakin teku ba irin na sojojinsu ba ne, mai araha ne, ƙarfinsa kaɗan, ga shi damina tana lalata shi. Mayaƙin Asante yakan ɗaura ɗamara mai 'yan gwangwanaye a ƙugu. In zai ɗura sai ya zazzage albarushi ta bakin bindiga, ya watsa abin da ya samu a kai: guntayen dalma in akwai, in babu guntayen ƙarfe ko tsakuwa. Don albarushin ba shi da ƙarfi sai a ƙara yawansa, shi ya sa bindigar takan yi harbin jaki, wani sa'i ma ta fashe a hannun mai ita. Turawan da suka yi yaƙi da su sun rubuta cewa da yawansu daga ƙugu suke harbi, ba sa ɗora bindiga a kafaɗa, balle su yi saiti.

To, a nan matsalar take. Cikin bututun bindigar sumul yake, abin da aka ɗura kuma bai cika shi ba, saboda haka yana fita yana karo da gefe da gefe, ya nufi inda ya ga dama. Ɗurin safe daban, na rana daban. Mutumin da bai san yadda harbinsa na jiya ya tafi ba, ba shi da abin da zai gyara yau. Irin wannan bindiga da wuya ta sami mutum in ya wuce yadi 100. A cikin kurmi, inda abokin gaba yake bayan itacen da ke gabanka, wannan bai hana ta aiki ba. A ranar 21 ga Janairu 1824 mayaƙan Asante suka murƙushe rundunar Gwamna Charles MacCarthy a Nsamankow, shi kansa ya mutu a wurin. Harsashi ne ya ƙare wa mutanensa, har ana ba da labarin cewa da suka fasa wasu akwatunan da aka kawo musu, sai suka tarar da taliya. A lokacin bindigar sojan Ingila ba ta fi ta Ba'asante da wani abin kirki ba.

Abin da Ya Canja a Turai

Cikin shekara 50 da suka biyo baya abubuwa uku suka canja. Na farko, aka yawaita yanka layuka masu murɗewa a cikin bututu, yadda harsashi zai fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi kai tsaye. A 1849 wani hafsan Faransa, Minié, ya fito da dogon harsashin dalma mai rami a gindi, wanda yake buɗewa ya kama layukan nan in wuta ta tashi. Na biyu, aka daina ɗuri ta baki, aka koma buɗe bindiga ta baya. Na uku, wanda shi ne babba, aka haɗa kome a cikin kwanson tagulla guda: albarushin da aka auna, da kan harsashi, da 'yar hular da ke ta da wuta a gindi in kunama ta sare ta. A 1866 Ingila ta ɗauki bindigar Snider, harsashinta kuwa aikin Kanar Edward Boxer ne na ma'aikatar makamai ta Woolwich. Soja yana iya harba ta kamar sau 10 a minti ɗaya, yana kwance ma, ruwan sama kuma bai dame shi ba.

Amfanin kwanson nan shi ne daidaito. In nauyin albarushi ɗaya ne, nauyin dalma ɗaya ne, to gudun harsashi ɗaya zai zama, inda na farko ya faɗa nan na biyu zai nufa. Daga nan ne aka iya rubuta lambobi a jikin ma'aunin saiti, a ce wannan na yadi 300 ne, wannan na 500. Hafsa ya kira lamba, sojoji ɗari su ɗaga saiti wuri ɗaya. Mutumin da bai taɓa farauta ba ana iya koya masa wannan cikin 'yan watanni.

Shekarar 1874: Amoaful da Creedmoor

A 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, mafi yawanta Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Da rikici ya tashi tsakanin Ingila da Sarkin Asante Kofi Karikari, sai aka aiko Glover a 1873, ya zo da mutanensa, ya ƙara ɗaukar wasu a Ankara da Ada. Cikin abubuwan da suka ƙara hura wutar rikicin har da tsare ma'aikatan Mishan ɗin Basel, Ramseyer da matarsa da Kühne, waɗanda aka kama a Anum a 1869, ba a sake su ba sai a Janairun 1874. Babbar runduna kuwa Janar Garnet Wolseley ne ya ja ta daga Cape Coast, shi ya sa mutanen ƙasar suke kiran yaƙin Sagrenti. Masu harba igwarsa, a ƙarƙashin Kyaftin Rait, Hausawa ne.

Ranar 31 ga Janairu 1874 aka gwabza a Amoaful tun safe har yamma. Kurmi ne, saboda haka nisan harbi bai yi wani tasiri ba. Ƙarfin harsashi ne ya raba gardama. Mayaƙan Asante sun yi ruwan wuta, sun sami mutane kusan 200 a ɓangaren Wolseley, amma 4 kaɗai suka mutu a ranar, don abin da suka ɗura yakan shiga fata ya tsaya. Jiragen ruwan Ingila sun riga sun tsare bakin teku, dalma da albarushi mai kyau sun yi wuya. Harsashin Snider kuwa yana ratsa ganye da reshe ya kashe. Asante suka yi asarar ɗaruruwan mutane, har da babban jarumi Amankwatia. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya sa mata wuta ya juya. Glover da Hausawansa suka biyo ta gabas, suka ratsa kangon birnin bayan kwana takwas.

A wannan shekara dai, cikin watan Satumba, aka yi wata gasa a filin Creedmoor kusa da birnin New York, tsakanin maharban Amurka da na Ayalan. An harbi allo daga yadi 800, da 900, da 1,000. Mutanen Ayalan da bindigogin Rigby masu ɗuri ta baki suka zo, amma kowane ɗuri an auna shi a tsanake. Na Amurka suka yi amfani da Remington da Sharps, da harsashin da aka ɗura da hannu ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta ci da maki 934, Ayalan tana da 931. Mai karatu ya lura: a Amoaful da Creedmoor duka da hannu aka zuba albarushi, kuma baƙin albarushi ne iri guda. Bambancin shi ne a wuri ɗaya akwai sikeli da littafin rubuta sakamako.

Bayan yaƙin wasu daga cikin sojojin nan ba su koma Ikko ba. A 1879 aka kafa rundunar ƙasar ta kanta daga cikinsu, wadda ta zama rejimanti a 1901. Hausa ta zama harshen bariki, har Bagrunshe da Bamoshe da Bazabarme in sun sa kaki Hausawa ake kiransu. Waɗanda suka gama aiki suka zauna a zango, suka yi aure, suka kama sana'a.

Dokar 1890 da Maƙeran Samori

Turawa sun san inda ƙarfinsu yake. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushin da ba ya hayaƙi, wanda ya ƙara wa harsashi gudu da nisa, a shekarar kuma Hiram Maxim ya fito da bindiga mai ruwa. Ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burusel. An ce don hana cinikin bayi aka yi ta, kuma lalle akwai wannan a ciki. Amma ta kuma hana sayar wa 'yan Afirka bindiga mai layuka da harsashin kwanso a mafi yawan nahiyar, ta bar musu tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin tsallake wannan shinge shi ne Almami Samori Ture. Da can yana sayen bindigogin zamani daga Saliyo. Da hanyar ta toshe, sai ya tara maƙeransa, suka riƙa gyara bindigogin Faransa samfurin Gras, har suka kai ga ƙera irinsu. Mayaƙansa sukan tsince kwanson da aka harba bayan yaƙi, a kai wa maƙera su sake ɗura shi da albarushin gida da dalmar da suka zuba. Wannan babban misali ne na ɗurin harsashi da hannu a tarihin Afirka ta Yamma. Ya kuma yi aiki, don Samori ya yi shekara 16 yana fafatawa da Faransa, daga 1882 zuwa 1898.

Sojojin Hausa sun ɗanɗana wannan da kansu. A 1897 ɗansa Sarankenyi Mori ya kewaye wata 'yar rundunarsu da ke ƙarƙashin Laftanar Henderson a Dawkita, ya kore su zuwa Wa. A nan George Ekem Ferguson, ɗan Anomabu mai auna ƙasa da zana taswira, ya rasa ransa, Henderson kuma ya faɗa hannun Samori, daga baya aka sake shi. Amma maƙera, kome gwanintarsu, ba za su iya tsere da ma'aikata ba. Kwanso yana tsagewa in an sake ɗura shi sau da yawa, ga yunwa, ga ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Faransawa suka kama Samori ranar 29 ga Satumba 1898, ya rasu a Gabon a 1900.

Kano da Sakkwato

A ƙasar Hausa fili ne fetal, nan ne nisan harbi ya nuna kansa sosai. Ƙarfin sarakuna dawaki ne da lifidi da mashi da baka. Dokin da ya fi kowane gudu yana bukatar lokaci kafin ya cinye yadi 500, cikin wannan lokaci kuwa soja ɗaya ya harba sau da dama, ban da bindiga mai ruwa. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan Waziri Ahmadu ya mutu a Kwatarkwashi yana kai hari a kan sojojin da suka yi sahu murabba'i. Ranar 15 ga Maris aka yi na Sakkwato a Giginya, tun kafin rana ta take an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli. A wannan rana Manjo Marsh ya mutu da kibiya mai dafi, abin da ke nuna cewa in an matso kusa tsohon makami yana nan da kaifinsa.

Abin da ya kamata a faɗa, ko da ba shi da daɗi, shi ne Turawan da ke cikin waɗannan rundunoni 'yan kaɗan ne. Hannuwan da suka ja kunama na Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa. Wanda aka sayar da shi yana yaro, ya gudu ya shiga soja don ya tsira da kansa, ba wuya a gane dalilinsa. Duk da haka harsashin da ke jakarsa ba nasa ba ne. Ƙirga masa ake yi, wanda ya ƙirga kuwa shi ke faɗin inda za a harba.

Mararrabar Osu

Jikokin wannan runduna sun je Gabashin Afirka da Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Da suka dawo suka tarar da tsadar kaya, alkawuran da aka yi musu kuma shiru. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano, ba makami a hannunsu, za su kai kuka wurin Gwamna a gidan nan na Osu. 'Yan sanda suka tare su a mararraba. Sufuritanda Colin Imray ya karɓi bindiga daga hannun ɗaya daga cikin mutanensa ya yi harbi da kansa. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Soja Odartey Lamptey suka mutu. Ankara ta kama da wuta, aka kafa kwamitin bincike na Watson, daga nan al'amura suka yi ta gudu har ranar 6 ga Maris 1957 da Gana ta sami 'yancin kai. Mulkin da harsashi ya kafa, harsashi kaɗan a ƙofar gidansa suka girgiza shi.

Kammalawa

Har yanzu akwai masu ɗura harsashi da hannu a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu, don gasa ko farauta, inda doka ta yarda. Suna auna albarushi da sikelin da ke gane bambancin miligiram 6, don harsashin da zai yi tafiyar yadi 1,000 yana iya sauka ƙasa da kimanin ƙafa 30, ƙaramin bambancin gudu kuwa ya isa ya kai shi sama ko ƙasan allo. 'Yar hular da yawancinsu ke amfani da ita har yau sunan Boxer take ɗauke da shi. A Gana da Nijeriya kuwa doka ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba. Ƙasashen ECOWAS sun ƙulla yarjejeniya a kan ƙananan makamai a 2006, Gana kuma ta kafa hukumar kula da su a 2007.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi samarin zango kai tsaye. Sau da yawa in zaɓe ya ƙarato akan zo Nima da Maamobi da Sabon Zango neman ƙarti, kamar yadda Glover ya zo nema a 1873. Ranar 31 ga Janairu 2019 aka yi harbi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, mutane suka ji rauni, har Majalisa ta yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa a shekarar. Mai ba da makami yana gida, mai riƙe shi ne ke kwana a asibiti ko a kurkuku. A watan Afrilun wannan shekara dai Babban Limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci majami'ar Katolika ta Christ the King ranar Ista, yana cika shekara 100. Wannan ma gadon zango ne, kuma shi ya fi cancanta a riƙe. Kakanni sun ɗauki bindigar wani don ba su da zaɓi, jikoki kuwa suna da makaranta da kasuwa da ƙuri'a. Allah ya ba shugabanni adalci, ya ba matasa hankalin auna abu kafin su ɗauka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.